Lambar Girmamawa ta Ƙasa da Makaɗanmu: Tambayoyi da Amsoshi

Duk shekarar da fadar shugaban ƙasa ta fitar da sunayen waɗanda za a rataya wa lambar girmamawa, sai muhawara ta kaure a Bauchi da Gombe, tun daga teburin mai shayi a Wunti har shirye-shiryen kiran waya na gidajen rediyo. Tambayoyin ba sa canzawa sosai: wa ya kai sunan wane, me ya sa aka tsallake wane, ina makaɗanmu da mawaƙanmu. Ga waɗanda suka fi yawan tasowa.

Mece ce lambar girmamawa ta ƙasa, kuma yaushe aka fara ba da ita?

Karramawa ce da shugaban ƙasa ke yi wa mutum da sunan Najeriya baki ɗaya, saboda wata hidima da ya yi wa ƙasa. Dokar da ta kafa ta an yi ta ne a 1964, aka mayar da ranar fara aikinta baya zuwa 1 ga Oktoba, 1963, ranar da Najeriya ta zama jamhuriya. Kafin nan lambobin Sarauniyar Ingila ake rabawa, ta haka ne ma Abubakar Tafawa Ɓalewa ya zama Sir a 1960. Da ƙasa ta fita daga ƙarƙashin sarautar Ingila sai ta ƙirƙiro nata.

Me haruffan nan suke nufi, su GCFR, CON, MON? Wanne ya fi wanne?

Rukuni biyu ne. Akwai na Tarayyar Najeriya, masu ƙarewa da FR, akwai kuma na Neja, masu ƙarewa da ON, kuma kogin ake nufi, ba jihar ba. Kowane rukuni yana da hawa huɗu: Babban Kwamanda, Kwamanda, Jami'i da Mamba. In aka jera su daga sama zuwa ƙasa sai a samu GCFR, GCON, CFR, CON, OFR, OON, MFR, sannan MON a ƙarshe. A ƙarƙashinsu akwai lambar FRM, wadda galibi ƙananan ma'aikata ake ba.

Bisa al'ada GCFR ta shugabannin ƙasa ce, GCON kuma ta mataimakin shugaban ƙasa, shugaban majalisar dattawa da Alƙalin Alƙalai. Amma akan karya al'adar. Shagari ya ba Obafemi Awolowo GCFR a 1982 alhali bai taɓa mulkin ƙasa ba. Aliko Ɗangote ya samu GCON a 2011, Amina Mohammed 'yar jihar Gombe, mataimakiyar babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, ta samu a 2022. A riƙe jerin nan da kyau, domin kusan duk maganar adalci da za ta biyo baya a kansa ta dogara.

Wa ke zaɓen waɗanda za a ba?

A takarda, akwai kwamitin lambobin girmamawa da ke tace sunaye, Ma'aikatar Ayyuka na Musamman kuma ita ke riƙe da aikin ofis. Tsohon Alƙalin Alƙalai Alfa Belgore ya shugabanci kwamitin a zamanin Jonathan, Sarkin Lafiya Mai Shari'a Sidi Bage ya shugabance shi a zamanin Buhari. Tsarin mulki ya ce Majalisar Magabata ta Ƙasa, inda gwamnoni da tsofaffin shugabanni ke zama, ta ba shugaban ƙasa shawara a kan lamarin. Magana ta ƙarshe kuwa ta shugaban ƙasa ce.

Sai dai kwamiti ba ya yawo gari-gari neman gwanaye. Abin da aka aiko masa shi yake dubawa, masu aikowa kuma yawanci gwamnatocin jihohi ne, da ma'aikatu, da rundunonin tsaro, da manyan ƙungiyoyin sana'a. Ke nan kafin sunan wani ɗan Misau ko ɗan Dukku ya isa Abuja, sai wani mai kujera a gidan gwamnatin Bauchi ko Gombe ya tuna da shi, ya kuma fifita shi a kan sauran masu jiran layi. Mai uwa a gindin murhu kuwa ba ya cin tuwonsa gaya.

Akwai iyakar mutanen da za a ba a shekara?

Akwai. Ƙa'idojin 1964 sun ce a shekara ɗaya kada GCFR ta wuce mutum 2, GCON 10, CFR 20, CON 30, OFR 50, OON 100, MFR 100, MON 100. Ba kowace shekara ake bikin ba. Bayan na Satumban 2014 ba a sake babban biki ba sai 11 ga Oktoba, 2022, inda Buhari ya karrama kusan mutum 450 a zama ɗaya. Shekara takwas ana tara masu jira, to ka ga wanda ba shi da mai tsaya masa ina zai samu wuri.

Ana ba da kuɗi tare da lambar?

Ita kanta lambar ba ta zuwa da albashi ko fansho. Abin da ke hannunka shi ne ƙarfen da aka rataya maka, takardar shaida mai sa hannun shugaban ƙasa, da ikon rubuta haruffan a bayan sunanka. Duk wani gida ko kuɗi da ka ji an haɗa wa wani, kyauta ce ta ganin dama daga shugaban da ke kan mulki, kamar yadda za a gani a amsar da ta shafi 'yan ƙwallo.

Wannan yana da muhimmanci ga makaɗi fiye da minista. Minista ya riga ya ƙoshi, haruffan ado ne a gare shi. Tsohon mai kukuma da hannu ya fara rawa, murya ta dishe, gayyatar biki ta ragu, ko an rataya masa lamba gobe sai ya nemi kuɗin magani.

Me ya sa kullum masu muƙami ne suka cika jerin?

Saboda a aikace lambar ta koma bin kujera. Gwamna da minista sukan samu CON, manyan sarakuna CFR, hafsoshin tsaro da manyan sakatarori kowa da hawan da aka saba ba ofishinsa, ko da kuwa bai daɗe da zama a kujerar ba. Abin da ya faru a Oktoban 2024 ya fito da wannan fili. An sanar da GCON ga shugaban majalisar dattawa da Alƙaliyar Alƙalai, aka ba Kakakin Majalisar Wakilai Tajudeen Abbas CFR. 'Yan majalisar wakilai suka tayar da jijiyar wuya cewa an ƙasƙantar da zaurensu, cikin 'yan kwanaki aka ɗaga tasa zuwa GCON. A duk cacar bakin nan darajar ofis aka yi ta aunawa, babu wanda ya tsaya lissafa aikin da mutum ya yi.

Ɗauki katin gayyatar duk wani babban taro a Bauchi, ƙaddamar da littafi ne ko naɗin sarauta. Babban baƙo CON, uban taro CFR, shugaban taro OFR, mai ƙaddamarwa MFR. Mai kakakin da zai tsaya a rana tun hantsi yana sanar da isowar kowannensu, da sanƙiran da ya haddace asalin gidajensu kaka da kakanni, ko sunansu ba ya kan katin.

Ba ana cewa duk mai muƙami bai cancanta ba. Akwai malamai da likitoci da alƙalai da suka ci lambarsu da guminsu. Matsalar ita ce gurbin yana da iyaka, kuma in aka fara cike shi da waɗanda kujera ta ba su, abin da ya rage wa sauran jama'a kaɗan ne.

To, an taɓa ba mawaƙa kuwa?

An ba su, kuma duk mai cewa ba a taɓa ba ya yi kuskure. Alhaji Mamman Shata yana da MON. Ɗan Maraya Jos, mai kuntigi, shi ma ya samu MON. A Kudu, King Sunny Ade da Ebenezer Obey suna da MFR, Victor Uwaifo MON. A bikin 2022 Burna Boy ya samu MFR, su 2Baba da Teni da K1 suka samu MON. A ɓangaren rubutun Hausa, Ado Ahmad Gidan Dabino ya samu MON a 2014.

Sake karanta sunayen nan ka dubi harafin farko na kowace lamba. Amsa ta gaba a kan wannan take.

MON ɗin da aka ba Shata ƙaramar lamba ce?

Ita ce ta takwas cikin takwas. Shata ya shafe sama da shekara hamsin yana waƙa kafin rasuwarsa a 1999. Ya yi wa sarakuna, ya yi wa manoma da direbobi, ya yi wa sojoji lokacin yaƙin basasa, gwamnati ta yi amfani da muryarsa wajen wayar da kan jama'a. Ana sauraronsa a Nijar, Ghana, Kamaru, Chadi da Sudan, duk inda Bahaushe ya yada zango. Yau da wuya ka shiga mota daga Gombe zuwa Azare ba ka ji kalangunsa ba. Wannan mutumin yana hawa na takwas. Wanda ya yi minista na shekara biyu, wanda ko mutanen unguwarsu sun manta ma'aikatar da ya riƙe, yana hawa na huɗu.

A ganina nan ne rashin adalcin ya fi tsanani. Ana ta ƙorafin ba a ba wane ba, ba a cika lura da cewa ko an bayar akwai rufin da aka yi wa masu fasaha ba. Mafi yawansu a hawan Mamba suke tsayawa. Akan samu wanda ya ɗan haura, kamar Ladi Kwali mai ginin tukwane, wadda ta samu OON a 1981 kuma hotonta ke bayan naira ashirin. Amma mawaƙi ya kai hawan Kwamanda saboda waƙarsa kawai, abu ne da ba a saba gani ba, alhali babu sakin layi ko ɗaya a dokar da ya hana.

Me ya sa ba a cika jin makaɗan Bauchi da Gombe a jerin ba?

Na farko dai takarda. Kwamiti yana aiki ne da tarihin rayuwa a rubuce: makarantun da aka yi, muƙaman da aka riƙe, kyaututtukan da aka samu. Makaɗin fada ba shi da ko ɗaya. Dubi mai algaita ranar hawan sallah a Bauchi, yana tafe a ƙasa kusa da dokin sarki tun daga filin idi har ƙofar fada, kumatu sun kumbura, yana shaƙar numfashi ta hanci ba tare da sautin ya yanke ba. Wannan gwaninta tun yana yaro ya koye ta a wajen mahaifinsa, shi ma a wajen nasa mahaifin. Taken kowane basarake yana kansa. In ka ce ya cike fom, layin suna da na garin haihuwa kawai zai iya cikewa, sauran shafukan su tafi fari fat.

Na biyu, mu kanmu. A ƙasar Hausa kiɗa da roƙo sana'a ce da ake jin daɗinta amma ba a girmama mai ita. A yi masa liƙi a wajen biki, a ba shi riga, wani lokaci har kujerar Makka, amma ɗansa ya zo neman aure a fara cewa ai gidan maroƙa ne. Jami'in da ya tashi da wannan tunani, in aka ce ya kawo sunayen fitattun 'yan jiha, farfesa da janar da attajiri ne za su faɗo masa a rai. Ga kuma saɓanin malamai kan hukuncin kiɗa, wanda ke sa ɗan siyasa ya yi ta-ka-tsantsan kada a ce ya fifita makaɗi a kan malami. Masu begen Annabi, da ke cika filin Maulidi maƙil, su ma ba su tsira daga wannan mantuwa ba, sai dai tasu ta fi kama da matsalar takarda.

Na uku harshe. Jihohin nan biyu ba na Hausa da Fulatanci kaɗai ba ne. Akwai masu waƙa da Zaar a Tafawa Ɓalewa da Bogoro, da Jaranci a Dass, da Tangale a Ɓilliri da Kaltungo, da Tera a Yamaltu-Deba, da Waja a Balanga, da Bolanci a yankin Nafada da Kwami. Mawaƙin da duk ƙasar Tangale ta san muryarsa yana iya zama baƙo ko a cikin garin Gombe, balle a gaban kwamitin da babu mai jin abin da yake faɗa. Shata ya ci albarkacin yawan masu jin Hausa da ƙarfin Rediyon Kaduna. Waɗannan ba su da ko ɗaya daga ciki.

Ya aka yi 'yan ƙwallo ke samu nan take, har da gida da kuɗi?

Domin nasararsu tana da rana da kofi, kuma duk ƙasa na kallo lokaci ɗaya. Tun a 1980 Shagari ya ba 'yan wasan da suka ci kofin Afirka MON da gidaje da motoci. A 2013 'yan Super Eagles suka samu MON da kuɗi da filaye a Abuja, kocinsu Stephen Keshi ya samu CON. A 2024 an ba su MON duk da cewa na biyu suka zo. A 2025 'yan matan Super Falcons suka samu OON, da kwatankwacin dala 100,000 kowace, da gida mai ɗaki uku.

Babu mai yi musu hassada, sun sha wuya kuma sun faranta wa ƙasa. Amma a lura: 'yar wasa mai shekara ashirin da 'yan kai ta haye Shata da hawa biyu a dare ɗaya. Aikin makaɗi a hankali yake taruwa, biki bayan biki, shekara bayan shekara, babu ranar da shugaban ƙasa zai tsaya kusa da shi a ɗauki hoto jama'a na tafi.

Talaka zalla yana iya samu?

Yana iya, kuma waɗannan su ne lambobin da ba a taɓa jin an yi gardama a kansu ba. A 2014 Jonathan ya karrama wani direban tasi na Abuja, Imeh Usuah, da ya mayar da naira miliyan 18 da fasinja ya manta a motarsa. A 2022 Buhari ya ba Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar a Barikin Ladi MON, saboda ɓoye ɗaruruwan Kiristoci a masallacinsa da gidansa lokacin harin 2018. A bikin ne kuma aka karrama Josephine Agu, mai shara a filin jirgin saman Legas, da ta mayar da dala 12,200 da ta tsinta.

Amma dukkansu sai da 'yan jarida suka yayata labarinsu tukuna. Limamin ma sai da gwamnatin Amurka ta karrama shi a 2019 kafin tasa ƙasar ta rataya masa lamba. Taiwo Akinkunmi, wanda ya zana tutar da aka ɗaga ranar 1 ga Oktoba, 1960, sai 2014 ya samu OFR, bayan shekara 54. Ungozomar da ta karɓi haihuwar rabin ƙauye a Kirfi, ko malamin firamaren da ya yi shekara talatin a Shongom, in babu ɗan jaridar da ya bi ta kansu, shiru kake ji.

Ana ba wanda ya riga ya rasu?

Nan akwai ruɗani. Ƙa'idar ta ce mutum ya karɓa hannu da hannu daga shugaban ƙasa, amma ta ba shugaban damar ɗage wannan sharaɗi in ya ga dacewar haka. A 2014, da jama'a suka nemi a karrama Dakta Stella Adadevoh, likitar da ta hana cutar Ebola bazuwa a Legas har ta rasa ranta, fadar shugaban ƙasa ta ce ba a ba mamaci. A 2018 Buhari ya ba marigayi MKO Abiola GCFR da marigayi lauya Gani Fawehinmi GCON, Mai Shari'a Belgore ya ce hakan ya saɓa wa doka, amma aka yi bikin. A 2022 ita ma Adadevoh aka ba ta OON. A Yunin 2025 Tinubu ya karrama mamata da dama, cikinsu har da Shehu Musa 'Yar'aduwa da Kudirat Abiola.

Tunda ƙofar ta buɗu, babu hujjar da ta rage ta cewa su Narambaɗa ko Sa'adu Zungur sun riga dokar tafiya. Zungur, ɗan Bauchi, malami, ɗan gwagwarmaya kuma mawaƙin da ya gargaɗi Arewa tun kafin 'yancin kai, ya rasu a 1958. Jiharsa dai ta yi nata, ta sa wa jami'arta da ke Gaɗau sunansa.

Mutum na iya ƙin karɓa? Ana kuma iya ƙwacewa?

Ana ƙi. Marubuci Chinua Achebe ya ƙi CFR sau biyu, a 2004 da 2011, yana nuna rashin jin daɗinsa da yadda ake tafiyar da ƙasa. Gani Fawehinmi ya ƙi OFR a 2008, shekara goma kafin a ba shi GCON bayan ransa, lokacin da ba shi da bakin cewa a'a.

Ƙwacewa kuma doka ta ba shugaban ƙasa ikon yi idan mai lambar ya aikata abin da ya zubar da mutuncinta. A 2012 Jonathan ya ce ya umarci kwamiti ya tattaro sunayen waɗanda halinsu ya zama abin tuhuma. Ingila ta ƙwace tata daga hannun Robert Mugabe a 2008. A nan kuwa jama'a sun saba ganin wanda ke zaryar kotu kan dukiyar gwamnati yana ci gaba da jera haruffansa a bayan suna, kuma wannan na cikin abin da ya rage wa lambar kwarjini.

Mawaƙan siyasa fa? Ba su ne suka fi kusa da masu rabawa ba?

Sun fi kusa, amma ladansu ta wata hanya yake zuwa: mota, gida, kujerar Hajji, ko muƙamin mai taimaka wa gwamna. Da wuya su damu da lamba. Inda abin yake da haɗari shi ne ɗaya gefen. Tunda ta hannun gwamna da shugaban ƙasa sunaye ke bi, kamar yadda aka bayyana a amsar masu zaɓe, mawaƙin da ya yi suna wajen faɗa wa masu mulki gaskiya ya san ba zai ga sunansa ba muddin waɗanda ya caccaka na kan kujera. Ƙasar Bauchi kuwa ba ta taɓa rasa irin waɗannan mawaƙa ba tun zamanin jam'iyyar NEPU. Tsarin da ke buƙatar yardar wanda aka soka kafin a karrama mai suka, dole ya riƙa fifita masu yabo.

A wasu ƙasashe ya ake yi?

Ko'ina ana ƙorafi. A Ingila, da aka ba mawaƙan Beatles lambar MBE a 1965, wasu tsofaffin sojoji sun mayar da nasu don fushi, John Lennon kuma ya mayar da tasa a 1969. Amma tun 1993 kowane mutum na iya kai sunan wanda yake ganin ya cancanta, kuma akwai kwamiti na musamman na fasaha wanda masana harkar ke ciki. Faransa ta ware wa masu fasaha da adabi lamba tasu daban tun 1957, don kada su riƙa gogayya da janar-janar.

Tsarin da ya fi dacewa da halin makaɗanmu shi ne na Japan. Tun shekarun 1950 gwamnati ke ayyana gwanin wata fasahar gargajiya a matsayin taskar ƙasa mai rai, ta riƙa ba shi yen miliyan 2 duk shekara, shi kuma ya koyar da magada. Ana girmama mutumin, ana kuma ceto sana'ar. Najeriya tana da lambar NNOM tun 1979 don masu zurfin ilimi da ƙirƙira, mai zuwa da kuɗi, sai dai kusan duk masu samunta 'yan jami'a ne.

Sarauta ko digirin girmamawa ba su wadatar ba?

A idon jama'armu sau da yawa sun ma fi lambar Abuja nauyi. Mutane ƙalilan ne za su iya gaya maka lambar da Shata ke da ita, amma kowa ya san Dakta ne, saboda digirin da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi a 1988. Ɗan Maraya ma Jami'ar Jos ta ba shi. Fadoji kuma tun tale-tale suna da Sarkin Makaɗa da Sarkin Tambura da makamantansu, a zamanin nan ma Sarki Muhammadu Sanusi na II ya naɗa Naziru Ahmad Sarkin Waƙa a 2018.

Waɗannan suna hannunmu, ba sai an je Abuja ba. Akwai jami'ar tarayya a Bauchi da Kashere, akwai ta jiha a Gaɗau da Gombe, akwai masarautu a kowane lungu. Sai dai ba su ɗauke wa ƙasa nata nauyin ba. Sarauta ta masarauta ɗaya ce, lambar ƙasa kuwa shaida ce cewa mai goge na Jama'are da mai ganga na Ibadan duk Najeriya suka yi wa aiki.

Muna da tsohon makaɗi a garinmu da muke ganin ya cancanta. Ta ina za mu fara?

Ku fara da abin da ya rasa, wato takarda. Ku zauna da shi tun yana da ƙarfin magana, ku ɗauki muryarsa ko da a waya ne. Ku rubuta inda aka haife shi, wanda ya koya masa, sarakunan da ya yi wa aiki, yaran da ya yaye, da duk wata waƙa da ya yi ta rigakafi, ko noma, ko zaman lafiya, domin irin wannan ce kwamiti ke gane wa a matsayin hidimar ƙasa. Ku nemi tsofaffin faya-fayansa a gidajen rediyon jiha da wajen masu tura waƙoƙi a kasuwa. In akwai ɗalibin sashen Hausa ko na tarihi da ya yi kundin digiri a kansa, ku samo kwafi. A fassara taƙaitaccen tarihin zuwa Turanci, shafi biyu ko uku, a haɗa da baitoci kaɗan da ma'anarsu in da harshen gida yake waƙa.

Daga nan ku nemi wasiƙar goyon baya daga fadar sarki ko hakimi, da shugaban ƙaramar hukuma, da wata ƙungiyar al'adu ko ta marubuta mai rajista. Ku kai ma'aikatar al'adu ta jiha da ofishin sakataren gwamnati, ku ba ɗan majalisar tarayya na mazaɓarku kwafi, ku karɓi shaidar cewa an amsa. Ku sa 'yan jarida a ciki tun da wuri, don an ga a amsar da ta shafi talakawa cewa labarin da ya bazu shi ake tunawa. Duk wanda ya ce ku kawo kuɗi zai saka muku suna a jeri, ku rabu da shi, lambar ƙasa ba a sayen fom ɗinta. Haka nan ku bambance ta da kyaututtukan da ƙungiyoyi ke shiryawa a otal suna karɓar kuɗin teburi.

Kada ku nemi MON kai tsaye don kuna ganin ita ce ta makaɗa. Ku rubuta aikin da ya yi, ku nemi hawan da ya dace da aikin. In ba a dace a shekarar farko ba a sake turawa, fayil ɗin kuma a ajiye kwafinsa a fada da ɗakin karatu na jami'a mafi kusa, domin da shi ne za a nemi digirin girmamawa, ko sa wa titi sunansa, ko bin haƙƙin waƙoƙinsa a ƙarƙashin dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023.